Ciwon cikin da ba ya ihu: abin da mai raunin garkuwar jiki ya kamata ya sani

Idan hanjin mutum mai ƙoshin lafiya ya huje, ba a shan wahala kafin a gane akwai matsala. Ciki zai ƙame ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe shi, ko tari ya yi sai ya dafe ciki, mota na faɗawa rami a hanyar asibiti sai ya yi ƙara. Likita na ɗora hannu ya san aikin tiyata ne. To amma a kawo wanda ya shafe wata uku yana shan firedinisolon, ko wadda aka yi wa allurar cutar kansa kwana goma da suka wuce. Hanjin ya huje iri ɗaya, amma sai ka tarar ciki da laushinsa, jiki ɗumi kawai, mara lafiya yana zaune yana cewa ciki ne ke ɗan damunsa. Kafin kwana biyu ana iya rasa shi.

Dalilin yana da sauƙin fahimta. Zafi, kumburi, zazzaɓi da mugunya, yawancinsu ba ƙwayar cuta ce ke yinsu ba, jiki ne ke yinsu yayin da yake faɗa da ita. Ihun da ake ji idan ɓarawo ya haura gida ba na ɓarawon ba ne, na mutanen gida ne. In babu kowa a farke, sai ya kwashe kaya shiru. Mugunya kanta tarin fararen ƙwayoyin jini ne da suka mutu a wurin faɗa. Wanda ba shi da isassun waɗannan ƙwayoyi, ko magani ya danne su, cuta na iya cin cikinsa ba tare da ya nuna rabin alamun da aka saba gani ba. Sannan ƙwayoyin da ke zaune a ƙasa, a ruwa, a abinci ko a cikin hanjinsa, waɗanda ba sa yi wa maƙwabcinsa komai, shi sai su kama shi.

Da an ce raunin garkuwar jiki, hankalin jama'a kan tafi ga cutar ƙanjamau. Tana ciki, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma mai shan maganinta yadda ya kamata sau da yawa garkuwarsa ta fi ta wasu da ba su san suna da rauni ba. Akwai masu karɓar maganin kansa. Akwai waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da za su sha maganin danne garkuwa har iya rayuwarsu don kada jiki ya ƙi ƙodar. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara wannan dashe tun 2002, wasu kuma a Indiya ko Masar aka yi musu suka dawo gida. Akwai masu ciwon suga da bai daidaita ba, masu hantar da ta ƙanƙance, masu amosanin jini (sikila) da saifarsu kan daina aiki tun suna ƙanana, da yaran da tamowa ta kama.

Rukunin da ya fi damuna shi ne na waɗanda suka raunana garkuwarsu da hannunsu ba su sani ba. Deksametason da firedinisolon magunguna ne masu amfani ƙwarai a hannun likita, amma ana sayar da su a kemis da kasuwa kamar ba komai ba. 'Yan mata da amare na shan su cikin haɗin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Dattawa na shan su don ciwon gwiwa da baya, wani lokaci a cikin ƙullin ƙwayoyi marar suna. Kumatu su cika, a ce an yi kyau, alhali ruwa ne da kitse, garkuwa kuwa ta kwanta. Irin wannan mutum in ya je asibiti aka tambaye shi ko yana da wata cuta, zai ce babu, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa.

Me ya sa ciki? Saboda nan ne matattarar bakteriya a jikin ɗan Adam. Ƙiyasin da masana suka fitar a 2016 ya ce jikin baligi na ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, kuma mafi yawansu a babban hanji suke. Abin da ya raba su da jini wani siririn shimfiɗi ne a bangon hanji, wanda ke sabunta kansa cikin 'yan kwanaki. Wadda ta tsallake shi, jini zai kai ta hanta, hanta ta tace. Saifa ma tana tace jini. In bango ya lalace, hanta ta gaza, ko saifa ta mutu, hanya ta buɗe.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar wurin masu karɓar maganin kansa. Maganin yana kashe duk ƙwayar halitta mai saurin rabuwa, don haka bayan kansar yana taɓa ɓargo, inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, yana kuma taɓa bangon hanji. Duka biyun kan yi ƙasa a lokaci guda, galibi tsakanin kwana 7 da 14 bayan allurar. In nau'in fararen ƙwayoyin da ake kira niyutirofil ya sauka ƙasa da 500 a ma'aunin gwajin jini, mutum ya shiga haɗari. A wannan tsakanin ne ake samun kumburin farkon babban hanji, wanda likitoci ke kira tifilaitis. An fara bayyana shi sosai a 1970 a jikin yara masu kansar jini. Wurin yana ƙasan ciki ta dama, daidai inda afendis yake, shi ya sa ake rikita su. Bakteriya kan kutsa cikin bangon hanjin, ya kumbura, wani ɓangare ya ruɓe, ya zubar da jini ko ya huje. Alamunsa zazzaɓi ne, ciwon ciki, kumburi da gudawa, wani lokaci da jini. Ga shi kuwa gudawa da tashin zuciya abu ne da mai karɓar wannan magani ya riga ya saba da shi, sai ya ɗauka cikin wahalar allurar ce, ya daure.

Kada a daure. Ƙa'idar da likitocin kansa ke bi a duniya ita ce: zafin jiki ya kai 38.3 sau ɗaya, ko ya tsaya a 38 na tsawon awa guda, a wannan lokaci na ƙarancin ƙwayoyi, to gaggawa ce, kuma ana so a fara allurar kashe bakteriya ta jijiya cikin awa ɗaya da isowa asibiti. Saboda haka gidan da ke jinyar mai kansa bai kamata ya rasa ma'aunin zafin jiki ba. Bayan hannu ba ya bambance 37.5 da 38.3. A auna kafin a sha farasitamol, ba bayan an sha ba. Kada a ba shi maganin tsayar da gudawa, kada a yi masa tsuguno ko matsi ta dubura, domin ƙaramin rauni a nan ƙofa ce ga cuta. A asibiti hoton ciki kan nuna bangon hanji ya yi kauri fiye da milimita 4. Yawanci ana hutar da hanji, a sa ƙarin ruwa, a ba da magani mai faɗin aiki, a yi allurar da ke zaburar da ɓargo. Tiyata sai in hanji ya huje ko jini ya ƙi tsayawa. Cikin ƙwayoyin da ake tsoro a nan akwai wata mai suna Kilostiridiyam seftikam, wadda kan bi jini daga hanji ta sauka a tsokar cinya ko hannu, ta ruɓar da ita cikin awoyi ba tare da wani rauni a waje ba. Mai irin wannan jinya in ya ce wani wuri a jikinsa na yi masa zafin da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani, a yarda da shi.

Ga mai cutar ƙanjamau, lambar da ake dubawa ita ce CD4, wato adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Ta mai lafiya kan kasance tsakanin 500 da 1,500. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda tasa ta sauka ƙasa da 200 cutarsa ta yi nisa, kuma yawanci waɗanda ba a gano da wuri ba ne, ko waɗanda suka ajiye magani don sun ji sauƙi. A nan sai a yi hattara da kalmar "ba kasafai ba", domin abin da littattafan Turai ke kira baƙon abu, a Afirka kudu da Sahara yana iya zama ruwan dare. Salmonela wadda ba ta taifot ba, a jikin mai lafiya gudawar kwana uku ce ta wuce. A jikin mai ƙanjamau, ko yaro mai tamowa, maleriya mai tsanani ko amosanin jini, takan shiga jini, ta yi ƙurji a saifa ko ta sauka a ƙashi, sau da yawa ma ba tare da gudawa ba. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum 535,000 suka kamu da wannan nau'i mai shiga jini a duniya, 77,500 suka mutu, kuma mafi yawansu a nahiyarmu. Haka tarin fuka: ba a huhu kaɗai yake zama ba. Yana kama mahaɗar ƙaramin hanji da babba, yana kumbura kaluluwar cikin ciki, yana tara ruwa. Mutum na ramewa ciki na girma, babu tari ko ɗaya, sai a yi ta zargin sammu ko ciwon daji. Akwai nau'insa na shanu, da ake ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba.

Tarin fuka yana da wata 'yar'uwa da ake kira MAC a taƙaice, mazauniyar ruwa da ƙasa, wadda kusan ba ta kama kowa a ciki sai wanda CD4 ɗinsa ta faɗi ƙasa da 50. Zazzaɓi na makonni, gumin dare, rama, gudawa, ƙarancin jini, hanta da saifa su kumbura: komai nata kamar na tarin fuka. Amma na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita ba ta ganinta, kuma maganin wata shida da ake bayarwa kyauta ba ya kawar da ita. Nata maganin daban ne, kilaritoromaisin ko azitoromaisin haɗe da etambutol, na aƙalla wata 12. Don haka wanda aka ɗora a kan maganin tarin fuka, yana sha ba fashi amma yana ƙara lalacewa, ya koma asibiti a sake dubawa, kada a ce jiki ne ya ƙi magani. Akwai kuma Bartonela, da ake samu daga yagar kyanwa, musamman 'ya'yan kyanwa masu ƙuma. Ga mai lafiya kaluluwa ce kawai. Ga wanda CD4 ɗinsa ke ƙasa da 100 takan cika hanta da ƙananan aljihunan jini. Doksisaikilin ko eritoromaisin na wata uku ko fiye yana maganinta, in an gane ta.

Mai ciwon hanta da cikinsa ya tara ruwa labarinsa daban ne, kuma ya shafe mu kai tsaye: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ruwan nan da ya taru, bakteriyar hanji kan ratsa su shiga cikinsa ba tare da hanji ya huje ba. Wasu za su ji ciwo da zazzaɓi, wasu ba za su ji komai ba. Iyali ne za su lura ya fara barcin rana da farkawar dare, yana rikita magana, fitsari ya ragu. Hanyar ganewa ɗaya ce, a zuƙi ruwan da allura a ƙirga. Niyutirofil 250 ko fiye na nufin cuta ta shiga. Mutane na gudun wannan zuƙa, suna cewa in an taɓa ruwan ciki ƙaruwa yake yi. Hantar ce ke sa ruwan ya dawo, ba allurar ba. Galibi ƙwayoyin hanji na yau da kullum ne ke jawo wannan, kuma seftiriyazon na kashe su. Amma jefi-jefi akan samu Listeriya, wadda seftiriyazon ba ya taɓa ta, sai amfisilin. Ita Listeriya ta abinci ce, kuma tana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa abin da muka sani: tana hayayyafa a cikin firji. Ɓarkewarta mafi girma da aka taɓa rubutawa a Afirka ta Kudu ta faru, daga 2017 zuwa 2018, ta hanyar sarrafaffen naman da ake ci ba a dafa ba. Mutum 1,060 aka tabbatar sun kamu, fiye da 200 suka mutu, da yawansu jarirai ne. Mata masu juna biyu na cikin waɗanda ta fi kamawa.

Masu ciwon suga na cikin waɗanda suka fi yawa a waɗannan rukunai, kuma su ne ba sa ɗaukar kansu masu raunin garkuwa. Suga in ya yi yawa a jini, fararen ƙwayoyi suna nan amma ba sa aiki da kuzari. Tun shekarun 1980 likitoci a Taiwan suka lura da wani nau'in Kilebsiyela mai yin ƙurji a hanta, musamman ga masu suga, wanda kan tsallaka zuwa ido ya makantar cikin 'yan kwanaki. Yanzu ana samunsa a nahiyoyi da dama. A ƙasashenmu ƙurjin hanta an fi danganta shi da amiba, wadda ba bakteriya ba ce kuma Flagyl na maganinta. In an ba da shi kwanaki zazzaɓi bai sauka ba, ya kamata a zuƙo mugunyar a kai ɗakin gwaji. In kuma mai ƙurjin hanta ya ce gani na yi masa hazo, ranar ce za a nemi likitan ido.

Sai meliyoyidosis, cutar da nake ganin manoman shinkafa masu suga sun cancanci a gaya musu labarinta. Alfred Whitmore da C. S. Krishnaswami ne suka bayyana ta a birnin Rangun na ƙasar Bama a 1912. Ƙwayar na zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruwan gona, tana shiga ta tsagewar ƙafa, ta shaƙa ko ta sha. Takan kama huhu, takan kuma yi ƙananan ƙuraje barkatai a saifa da hanta, kuma kusan rabin masu kamuwa masu suga ne. An fi saninta a arewa maso gabashin Tailan da arewacin Ostireliya, amma wani ƙiyasi na 2016 ya ce tana iya kama mutum 165,000 a shekara a duniya ta kashe 89,000, ya kuma sa Najeriya cikin ƙasashen da ake kyautata zaton tana nan ba a ganinta. A 2023 aka wallafa binciken da ya tabbatar da ƙwayar a ƙasar noma ta Najeriya. Jentamaisin da magungunan da aka saba farawa da su ba sa kashe ta. Tana buƙatar allurar seftazidim ko merofenem na aƙalla kwana goma zuwa mako biyu, sannan Septrin na wata uku zuwa shida. Ɗakin gwajin da bai san da ita ba yana iya ganinta ta tsiro ya ɗauka datti ne ya zubar.

Wannan ya kawo mu ga inda abin ya fi lalacewa. Wasu daga cikin cututtukan nan da gaske ba su da yawa. Wasu kuwa rashin nemansu ne ya sa ake ganin ba su da yawa. Hanyar da aka saba ita ce: zazzaɓi da ciwon ciki, a je kemis, a sha Flagyl da sifro. Bai tafi ba, a yi gwajin Widal, a ce taifot da maleriya ne, a yi allura kwana biyar. Gwajin Widal ba abin dogaro ba ne a inda taifot ta zama gama-gari, domin yakan nuna akwai ga wanda ya taɓa yi a baya ko yake da wata cutar daban. Kafin a iso babban asibiti an sha magani kala huɗu, waɗanda ba su kashe ƙwayar ba amma sun isa su hana ta tsirowa a gwaji. Gwajin da ke faɗin sunan ƙwaya da maganin da zai kashe ta shi ne wanda ake shuka jini, mugunya ko ruwan ciki a jira ta tsiro, kuma an fi samun nasararsa in an ɗibi samfurin kafin ƙwayar magani ta farko ta shiga jiki. Yana da tsada, ba kowane asibiti ke yinsa ba, kuma sakamako kan ɗauki kwana biyu zuwa biyar. Wasu ƙwayoyin, irin su Nokadiya da dangin tarin fuka, sai an yi makonni. Duk da haka kuɗinsa bai kai na makonni uku ana lalube ba. Ba jira za a yi ba: a ɗiba, a fara magani nan take, a gyara in sakamako ya fito.

Likita ba zai nemi baƙuwar ƙwaya ba sai ya san wane ne a gabansa. Jumlar farko da ta kamata ta fito daga bakin mara lafiya ko mai jinyarsa ita ce wadda ke bayyana raunin: an yi mata allurar kansa ranar kaza, yana da dashen ƙoda, tana da sikila, ina shan maganin ƙanjamau amma na ajiye shi wata shida. Na san nauyin wannan ta ƙarshen, musamman in suruki ko ƙanin miji na tsaye a gefen gado. Haƙƙin mara lafiya ne ya ce yana son ganin likita shi kaɗai, kuma sirrinsa amana ce a wuyan ma'aikaci. A zuba duk magungunan da ake sha a leda a tafi da su, har da na ƙiba, na gwiwa, jiƙo da sassaƙe. A faɗi sana'a da abin da ake hulɗa da shi: noman fadama, kiwo, aikin mayanka, shan madara daga nonon saniya ko raƙuma. Wanda ya daɗe yana shan deksametason ko firedinisolon kada ya yanke shi rana ɗaya don ya karanta wannan. Jiki ya riga ya daina ƙera nasa, yankewa kwatsam na iya faɗar da hawan jini har ta kai ga mutuwa. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.

Ba kowane ciwon ciki ne na baƙuwar bakteriya ba. Mai raunin garkuwa na yin afendis, olsa da tsakuwar matsarmama kamar kowa, kuma ƙwayoyin bairos, naman gwari da tsutsar ciki na yi masa irin wannan ɓarna. Mai sikila kuwa sau da yawa ciwon cikinsa tashin ciwonsa ne da ya saba. Abin lura shi ne in ya zo da zazzaɓi, ko shi da kansa ya ce wannan ba irin wanda ya sani ba ne.

Rigakafin ba shi da ƙyalƙyali. A tafasa madara, a tabbatar nonon da za a dama fura da shi daga tafasasshiyar madara aka yi shi. A dafa ƙwai da nama su nuna, a sake ɗumama abincin da ya kwana har ya yi tururi, musamman inda wuta ke ɗaukewa firji ya huce ya sake sanyi. Ruwan da ba a amince da shi ba a tafasa. Mai suga da zai shiga fadama ya sa takalmin roba, ya wanke duk wani rauni da sabulu ya rufe. Mai ƙanjamau da aka ba Septrin ya sha shi kamar yadda yake shan babban maganin, domin yana tare cututtuka da dama kafin su fara; yaro mai sikila kuma ya samu fenisilin ɗinsa da alluran rigakafi a kan kari. Wanda aka riga aka gano masa ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka, sauƙin da zai ji a mako na biyu ba warkewa ba ce. Ƙwayoyin nan suna ɓuya a cikin ƙwayoyin halittar jiki da cikin ƙurji inda magani ke wahalar isa, shi ya sa ake rubuta wata uku, wata shida ko shekara, kuma ranar da likita ya rubuta ita ce ranar ajiye magani.